Baffa Firmino a Hannun Daman Kaka

A ƙauyenmu, idan mutum ya mutu ba a fitar da shi daga hoton gida. Mai hoto kan yanko fuskarsa daga wani tsohon hoto, ya kewaye ta kamar ƙwai, ya liƙa can sama a kusurwa, bisa kawunan masu rai. Ko ƙaramin yaro ya shiga falon mutane ya ɗaga kai, zai gaya maka waye ke raye, waye ya riga mu. Kakana namiji tun kafin a haife ni yake cikin ƙwansa, da gashin bakinsa, yana hararar duk wanda ya zauna cin abinci.

Sunana Benilde. A shekarar 1971 ina da shekara goma sha biyar. Babana Horácio shi ne mai hoton garin da ke gindin dutsenmu, shago a ƙasa, mu a sama. A gida Ɓera ake ce mini, don kullum ina bayan kantar shago da littafi, kuma in baƙo ya yi mini magana sai muryata ta maƙale, kunnuwana su ɗauki zafi.

'Ya'yan Kaka Ermelinda huɗu ne: Baffa Abílio babba, sai Gwaggo Deolinda da ke aiki a birnin Porto, sai Baba, sai autansu Baffa Firmino. Shekara bakwai ke nan Baffa Firmino ya tsallaka duwatsu da ƙafa zuwa Faransa, ba takarda, gudun kada a kai shi yaƙi. In ya dawo kama shi za a yi. A wannan shekarar ne yanar ido ta fara rufe wa Kaka gani, likita a birnin Bragança ya ce kafin dusar ƙanƙara ta sauko ba za ta ƙara bambanta fuska da fuska ba. Da suka dawo ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ta roƙa, ta ga 'ya'yanta huɗu tare da ita a hoto guda tun idon yana aiki.

Baba ya ce wannan ai mai sauƙi ne. A idin Ista ya ɗauke su a ƙofar gidan Kaka, ya yanko kan Baffa Firmino daga hoton da ya aiko, ya liƙa a sama. Ina tare da shi ranar da ya kai mata. Ta kai hoton dab da hancinta, ta bi shi a hankali har kusurwar sama.

"Horácio," ta ce, "yaushe ɗana ya mutu ba a gaya mini ba?"

"Haba Inna, wace irin magana ce? A Porto haka ake yi wa matafiya. Kuma duba, ba ƙwai na yi ba, mai kusurwa huɗu na yanka."

"Au, akwati ma ka sa shi? Kai ka haƙa ramin ko yayanka ya taya ka?"

Ta kifa hoton a kan tebur, ta yi alamar gicciye sau uku. Ta ce ita ɗanta a tsaye take son ganinsa, da ƙafafunsa a ƙasa, da inuwarsa, da hannunsa a kafaɗarta, in ba haka ba a bar ta da makantarta.

Akwai wani tsohon littafin koyon hoto a shago, ba bango, Baba yana tokare ƙafar kanta da shi. Na karanta shi ya fi sau huɗu, don na rasa abin karantawa. A ciki akwai bayanin yadda ake haɗa fim biyu a takarda ɗaya. Kwana shida ina juya maganar a raina kafin na iya furta ta, shi ma ina kallon kwanon miya na faɗa.

"Baba, ana iya tsayar da shi."

"Tsayar da wa?"

"Baffa. In aka ɗauke shi can a gaban farin zane, aka aiko da fim ɗin. Fari ba ya barin haske ya wuce zuwa takarda, shi kaɗai zai fito. Mu kuma mu bar masa gurbi a nan."

Baba ya ajiye cokali. "To Ɓera ta yi magana. Kin san abin da ke lalata irin wannan aikin? Shi za a ɗauke shi daga sama, mu daga ƙasa. Shi daga nesa, mu daga kusa. Ya fito kamar an jingina ƙyaure. Wa zai je Faransa ya auna mana?"

"Igiya," na ce.

Washegari na hau wurin Kaka da igiyar ɗaure kaya. Na zaunar da ita a kujerarta a ƙofar gida, na kafa kyamarar Baba a inda ake kafa ta. Na yi ƙulli uku. Na farko tsayin kafaɗar Kaka daga ƙasa, na biyu tsayin idon kyamara, na uku nisan kyamara zuwa kujera. Na ƙulla wata igiyar irinta, na aika wa Baffa Firmino tare da wasiƙa shafi uku: ya sa rigar zuwa coci, ya tsaya a gaban farin zanen gado da zai rufe har ƙasa, ya ɗora hannun dama a kan wani abu mai tsayin ƙulli na farko, rana ta kasance a kumatunsa na dama. Na yi haka ne don wurin auta a hagun uwa yake, babban ɗa a dama, kuma hoton gida bayan abincin rana ake ɗaukarsa, sa'ad da rana ta juya yamma. Haka ake yi tun kafin Baba ya san kyamara.

Amsa ba ta zo ba sai ƙarshen Yuli. Fim ɗin na naɗe a takardar taba, wani abokin aikinsa ne ya ɗauka, ya kuma wanke. Na ɗaga shi a taga na duba. Igiyar ta yi aikinta, tsayi da nisa duk daidai. Amma hannun hagu ya miƙa, na dama yana aljihu, rana kuma a kumatunsa na hagu take.

A wasiƙar ya ce: "'Yata, ki yi haƙuri. Bulo ya faɗo mini a hannun dama, yana ɗaure, kada ki gaya wa Inna. Bangon da muka samu kuma da safe kawai rana ke dukansa, ƙarfe tara muka yi."

Baba ya ce, "Abin tashin hankali ne wannan? Kifa fim ɗin, hagu ya koma dama."

Na kifa, muka haska. Komai ya koma yadda na so. Har na fara murmushi, sai idona ya sauka a kan maɓallan rigar.

"Baba, maɓallan sun koma ɓangaren mata."

"Wa zai lura da maɓalli?"

"Kaka mana, matar da ta yi shekara arba'in tana ɗinka wa ƙauye riguna. Ga tabon girarsa ma ya sauya gira."

Baba ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Za ta ce na canza mata ɗa." Ya kashe injin haska fim ɗin.

Saura mako biyu idin waliyyin ƙauyenmu, ranar da kaɗai ta rage bana da Gwaggo Deolinda za ta samu zuwa, ta zo a motar safe ta koma a ta yamma. Wata wasiƙar ba za ta je ta dawo ba. Tunda Baffa Firmino ba zai gyaru ba, sai dai mu mu gyaru. A ɗauki hoton ƙarfe tara na safe, rana tana gabas, shi kuma ya tsaya a hannun daman Kaka, wato a wurin Baffa Abílio.

"Ke za ki gaya masa," in ji Baba. "Ni tun ina yaro nake shan rankwashinsa. Kuma ni cikin hoton nake, ke ce mai kyamara."

Akwai sauran inuwa. Mutumin da aka ɗauka a Faransa ba zai yi inuwa a bangon Kaka ba. Don haka na ari mutum-mutumin gonar hatsin maƙwabta, na rage masa ciyawa har ya fi Baffa Firmino siranta, na gyara tsayinsa, na karɓi tsohuwar rigar Baffan da Kaka ke ajiye a akwati na sa masa. Inuwarsa za ta zauna a hoton, shi kuwa Baffa zai rufe shi.

Ranar idi ta zo. Ƙarfe tara saura kwata kowa na ƙofar gida cikin baƙin kaya, ba wanda ya karya, don sai da azumi ake karɓar jibi, wato gurasar ibada, a coci. Mutanen gidanmu kuwa da yunwa ba su da daɗin sha'ani. Gwaggo na ta mita ƙurar mota na kanta, ba a bar ta ta taje ba. Baffa Abílio, wanda zai ɗauki gunkin waliyyi a zagayen gari, ya fito yana duba agogo, ya je ya tsaya a daman kujera, ya ɗora hannu a kafaɗar Kaka kamar kullum.

Na fito daga bayan gida rungume da mutum-mutumi.

"Baffa," na ce. Bai ji ba. "Baffa, don Allah, hagu za ka koma."

"Me Ɓera ke cewa? Horácio, fassara mini."

"Ta ce ka koma hagu, Yaya," in ji Baba, yana kallon sama.

"In koma hagu? Wa zai tsaya a nan?"

Na ɗaga mutum-mutumin kaɗan. Gwaggo ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Wallahi Yaya, wannan ya fi ka kyau. Kuma ba ya duba agogo."

"Rufe mana baki, 'yar birni. Ni za a ɗauke a sa abin korar tsuntsu? Shekara ashirin da biyu nake tsaye a nan tun rasuwar babanmu. Auta ya tsaya a wurin auta mana."

"Hannun hagu ya miƙo," na ce.

"Don me? Faransawa sun cinye masa na daman?"

Kaka ta juyo da fararen idanunta wajena, ni kuma na sunkuyar da kai. Ina ganin inuwar bango tana gajarta. Ƙararrawar coci ta buga ta farko, mutane suka fara wucewa ta hanya, suna rage tafiya suna kallonmu.

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na ce, "Baffa, rana ba za ta jira mu ba. Shi ba zai iya matsawa ba, yana cikin fim. Kai kana da ƙafa. In ta ƙara hawa, shi ke nan sai baɗi, baɗi kuwa Kaka…" Ban ƙarasa ba.

Kaka ta kai hannu ta cire hannun Baffa Abílio daga kafaɗarta kamar mai cire ƙaya daga zane.

"Abílio, wannan kafaɗar ta gaji da kai, dama hannunka nauyi gare shi kamar na mahauci. Zo ka gwada ɗayar, ita ma uwarka ce."

Ya zagaya yana gunaguni. Na kafa mutum-mutumin a dama, na gwada da igiya, na koma bayan kyamara na lulluɓe kaina da baƙin zane. A cikin gilashin duk a kife suke, kai ƙasa ƙafa sama, sai na ji ba na tsoron kowa. Gwaggo na ta ƙyalƙyala.

"Gwaggo, ya isa. Baffa, saki fuskar nan, ba jana'iza ba ce. Baba, matso. Kada kowa ya motsa!"

Har tsuntsayen kan rufi suka tashi. Na danna, na sake dannawa, sau uku. Da na fito daga zane, Baffa Abílio na kallona baki buɗe.

"Ashe Ɓera na da maƙogwaro," ya ce. Ya ɗauki hularsa ya nufi coci.

Kwana uku na yi a ɗakin wanke hoto, daga karin kumallo har a kira ni abincin rana, in koma. Aikin haka yake. In haska fim ɗin Baffa a kan kwali, in bi gefen jikinsa da fensir, in yanke da reza. Kwalin ya zama biyu, siffar mutum da ramin da ta fita. In ɗora siffar a kan takardar hoto, in haska fim ɗin gida, gurbinsa ya zauna ba haske. Sannan in canza fim, in rufe sauran da mai ramin, in haska shi a gurbin. Duk a ƙarƙashin jar fitila, takardar kuwa fara fat, ba abin da zan gani sai ta shiga ruwan magani.

Na farko, kan mutum-mutumi ya leƙo ta bayan kunnen Baffa. Na uku, yatsunsa sun nutse cikin mayafin Kaka. Na biyar, ya fito sarai, amma da farin layi kewaye da shi tun daga kai har ƙafa.

Baba ya leƙo ya ce, "Madalla, kin mai da shi waliyyi. Sai a ba Abílio ya zagaya gari da shi."

Na shiga bayan ƙofa na yi kukana, na share, na dawo. Littafin bai ce komai game da layin ba, shafin da zai faɗa ɓeraye na gaske sun cinye. Na zauna ina kallon inuwar hannuna a ƙarƙashin injin. In na kwantar da hannun a tebur, gefen inuwar kaifi gare shi. In na ɗaga, sai ya yi laushi. Na tashi na ciro gilashin wani tsohon firam, na ɗora shi a kan akwatunan ashana huɗu, na sa kwalin a kan gilashin maimakon a kan takarda. Tsayin ɗan yatsa kawai tsakani.

Takarda ta goma sha ɗaya na tura cikin ruwa ina girgiza tiren. Bangon dutse ya fara fitowa, sai baƙin mayafin Kaka, sai fuskoki. A damanta ga Baffa Firmino, rana a kumatunsa na hagu kamar kowa, yatsunsa kwance a kafaɗarta, inuwarsa ta bi ƙasa ta hau bango kusa da ta kujera. Na nemi layi na rasa. Na kira Baba. Ya sa tabarau, ya ɗauko gilashin ƙara girma, ya bi gefen rigar sau biyu.

"Ina kika haɗa?" ya ce.

"Nemo."

Bai samu ba. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

Da hoton ya bushe muka sa shi a firam, na hau dutsen da shi a ƙirjina, Baba na bayana yana haki. Mun tarar da Kaka a ƙofa tana ɓare wake, Baffa Abílio na gyara mata ƙotar fartanya. Ta goge hannu, ta karɓa, ta juya wa rana baya. Ba ta fara da fuska ba. Daga ƙasa ta fara, hancinta na kusan taɓa gilashin. Ta tsaya a ƙafafun, ta bi inuwar da ɗan yatsa har bango, ta dawo, ta hau a hankali, maɓalli bayan maɓalli.

"Takalman nan ba su ga mai ba tun da aka saye su," ta ce.

Ta ƙara matso da hoton.

"Kuma ya rame. Me suke ci a can, takarda? Dubi wuyan riga, ba guga. Yaron nan har yanzu bai yi hankali ba." Ta ɗora tafin hannu a kan ƙirjinsa ta bar shi a nan. Can ta ce, "Ɗaya, biyu, uku, huɗu," ta sake ƙirgawa.

Baffa Abílio ya leƙa ta saman kanta, ya yi tsaki. "Har a hoto sai da ya fi ni tsawo. Benilde, ba ki iya rage shi kaɗan ba?" Wannan ne karo na farko da na ji sunana a bakinsa. Shi ya shiga ya ɗauko guduma da ƙusa. Kaka ta ce ba a sama ba, a daidai idonta in tana zaune.

Ana cikin bugawa Dona Zulmira maƙwabciya ta shigo aron gishiri. Ta tsaya a tsakiyar falo, ta dubi hoton, ta dafe ƙirji.

"Ermelinda! Firmino ya zo idi? Yaron da na goya a bayana, ya shigo garin nan ya fita bai ce mini ci kanki ba?"

Baba ya buɗe baki zai yi bayani, Kaka ta taka masa ƙafa.

"Sauri yake yi, Zulmira," ta ce. "Kin san yaran yanzu."

"Sauri? Taku goma ne tsakanin ƙofarki da tawa!"

"To ni zan riƙe masa ƙafa? Ga gishirin, je ki, miyarki za ta ƙone."

Ta fita tana faɗa, muna jin muryarta har rijiya tana kai ƙarar Baffa Firmino wurin mata. Baffa Abílio ya fara dariya da ƙusa a baki, Baba ya kama, Kaka na share ido da gefen mayafi tana cewa mu yi a hankali kada a ji.

Ni na fita waje, na gangara dutsen da gudu, abin da ban yi ba tun ina 'yar shekara bakwai. Duk wanda na gamu da shi a hanya ni na fara gaishe shi, da ƙarfi.